Waƙa a gidan kaso: jawabi ga ƴan kasuwa da ma'aikata

Jama'a, a shekarar 1990 Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin yara, wadda ta ce tsare yaro shi ne mataki na ƙarshe. A gidan kason Zomba na ƙasar Malawi, fursunoni sun tsara waƙoƙinsu, aka naɗa, har faifan ya shiga takarar kyautar Grammy a 2016. Su manya ne, balle yaro, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mai tsara baiti yana koyon haƙuri, yana faɗin abin da ya kasa faɗa wa alƙali. Mahukunta su buɗe wa makaɗa ƙofa, ƴan kasuwa su sayi gurmi da kalangu. Yaron da ya fito hannu wofi, rumfar wani zai fasa.