Ɗan kasuwa, ina kayenka?

Bara masu lanho suka shigo butik ɗina a Maradi, suka ce in fiddo kayen ciniki da resi. Ba ni da ko ɗaya, komai a ka nake riƙewa. Sai suka ƙiyasta cinikina da kansu, suka aza mini tara. Na so in yi gardama, amma da wace hujja?

Lanhon ƙaramin ɗan kasuwa bisa cinikin shekara ake yanka shi. To ku nemi lambar NIF, ku rubuta shiga da fita kowane dare, ku adana takardun sari. Ko dala kuka biya, ku amshi resi mai tambari, haƙƙinku ne.