Agogon Zamani da Numfashin Mara Lafiya

Idan hunturu ya kama, tari da asma sukan motsa, wasu kuma sukan dogara da agogon zamani mai auna iskar oksijin a jini. Haske yake turawa cikin fata, ya yi kintace. Adadin oksijin na mai lafiya yakan kai 95 zuwa 100 cikin ɗari, amma sanyin hannu ko maɗauri sako-sako na rikita lissafin. Abin da ya fi damuna shi ne binciken Jami'ar Mishigan na 2020, wanda ya gano cewa ko na'urar yatsa ta asibiti takan ƙara adadin a jikin baƙar fata. Idan yaro yana haki, ƙirjinsa na lotsawa, a garzaya asibiti, ko da agogon ya nuna 97.