Jawabi A Kan Ɓawon Ƙwai Da Abin Da Wuta Ke Mayar Da Shi

Amma bayan haka, ya ku malamai da almajirai na ƙasar Ƙaraye da Rogo, ku sani ɓawon ƙwan da masu shayi ke zubarwa a bakin kasuwa yana da amfani, amma da sharaɗi.

Mas'ala ta farko. Ɗanyen ɓawo ba magani ba ne. Sau da yawa akwai ƙwayoyin cutar gudawa a bayansa, daga kashin kaza. Wanda ya daka shi ya barbaɗa a kan gyambo ya ƙara wa majinyaci wahala.

Mas'ala ta biyu. Kusan kashi 95 cikin 100 na ɓawo alli ne, irin dutsen da ake yin siminti da shi a Sakkwato. Idan aka ƙona shi da zafin da ya kai digiri 900, sai wata iska ta fita daga cikinsa, nauyinsa ya ragu kusan rabi, ya koma farin gari mai kaifi. In an jiƙa garin da ruwa, yawancin ƙwayoyin cuta ba su iya rayuwa a cikinsa. Tun 1920 wani likitan Jamus, Hermann, ya fara sa irinsa cikin ramin haƙori, har yau kuwa ana yi.

Mas'ala ta uku. Wutar murhu ba ta isa ba. Sai gawayi da zugazugin maƙeri. Alamarsa ita ce ya yi baƙi da farko, sa'an nan ya yi fari fat. In ya tsaya a baƙi, aiki bai nuna ba.

Mas'ala ta huɗu. Ɓawo ɗaya bai wuce giram 6 ba, sai an tara da yawa. Almajirai su tattaro, su wanke, su shanya, su kai maƙera. A zuba garin cikin ruwa kaɗan-kaɗan, a dama, a shafe akurki da bakin salga. Waɗanda suka ga murar tsuntsaye ta 2006 a Kano sun san asarar da annobar kaji ke jawowa.

Gargaɗi. Wannan gari yana ƙona fata, yana makantarwa. Kada a sha, kada a sa a miki, kada yara su taɓa. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi asibiti nan take. Kuma ba ya maye gurbin rigakafin kaji, ko wanke hannu da sabulu.

Wanda ya ji ya sanar da wanda bai ji ba. Wassalam.