Siririyar waya ta kusa cinye motar ƙanena

Ga rubutun shirin wannan mako, saboda waɗanda data ba ta ishe su saurare ba.

Yau na ajiye siyasa, maganar wayar mota zan yi. Ku tsaya ku ji dalili.

Ƙanena yana haya da wata tsohuwar mota da yake biyan kuɗinta kaɗan-kaɗan. Kwanaki ta fara gardama: ya murɗa makulli, sai ka ji "ƙas", shiru. Ya kai ta gareji, maigida ba ya nan. Yaron shago ya ce ai abu ne mai sauƙi. Ya jawo siririyar waya daga batir, ya sa maɓalli kusa da sitiyari, ya kai ta kan kik, babu fis. Mota ta tashi, kowa ya yi murna. Bayan sati guda, a tasha, da fasinja cike, ta sake ƙin tashi. Ƙanena ya danne maɓallin nan ya ƙi saki. Sai hayaƙi daga ƙarƙashin sitiyari! Allah ya kiyaye, wani direba ya fizge kan batir.

Abin ya tsaya mini a rai, na je na zauna da wani dattijo mai gyaran wayar mota, na kuma yi karatu. Ga abin da na gane.

Hanyar wuta biyu ce ke zuwa kik. Akwai babbar waya mai kaurin yatsa, daga batir kai tsaye. A ƙaramar motar fetur tana ɗaukar ampiya 100 zuwa 200 lokacin tayarwa, ta dizal ta fi haka. Sai ƙaramar waya da ke fitowa daga makulli zuwa solinoyid, wato gwangwanin nan da ke ɗare a kan kik. Aikinsa biyu: ya tura haƙoran kik su kama fulawil, sannan ya haɗa babbar waya da kik ɗin.

To, a nan ake yin kuskure. Ana ganin ƙaramar wayar saƙo kawai take kaiwa. Alhali a cikin solinoyid naɗin waya biyu ne, ɗaya na ja, ɗaya na riƙewa. Daidai lokacin da ka murɗa makulli, su biyun suna iya jan ampiya 30 zuwa 40. Da zarar ya haɗe, mai ja ya saki, sai ya sauko kusan 10. Ku kwatanta: ƙwan fitilar gaba mai wat 55 bai kai ampiya 5 ba.

Idan kuma wuta ta yi rauni har solinoyid ya kasa haɗewa, mai jan nan ba ya saki, zai ci gaba da zuƙar wuta muddin hannunka na kan maɓalli. Kuma in wutar da ke bin waya ta ninka biyu, zafinta sau huɗu yake ninkawa. Abin da ya narkar da robar wayar ƙanena ke nan, ta taɓa bodi, ba fis ɗin da zai yanke.

Da dattijon ya sa mita, ashe kan batir ne ya yi tsatsa, makullin ma ya ci daga ciki. Ya goge kan batir, ya sa rile. Ƙafafunsa huɗu, da lamba a jiki: 85 da 86 na saƙon makulli, 30 daga batir ta cikin fis, 87 zuwa solinoyid da waya mai kauri. Rile bai kai ko ampiya ɗaya yake ci ba, don haka makulli ya huta.

Direbobi, ku riƙe uku. Cikakken batir yana nuna bolt 12.6, in ya faɗi ƙasa da 9.6 ana tayarwa, a duba shi. Kada ku wuce daƙiƙa 10 kuna murɗawa, ku bari ya huce. Sannan haɗa kik da sukundireba ganganci ne, in mota na cikin giya za ta zabura ta take mutum.

Ni ban ga laifin yaron nan ba, wallahi. Shekararsa huɗu a gareji, hannunsa ya iya aiki, amma ba wanda ya taɓa ba shi mita ya ce ga dalili. Ni kuma da digirina ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Iyayenmu masu gareji, don Allah ku koya wa yaran nan awo tun kafin su fara jan waya. 'Yan uwana da kuka karanta injiniya kuke zaune a gida, gareji na bayan layinku, ku leƙa ko ranar Asabar ce.

Ƙanena ya koma aiki, saura wata bakwai ya gama biya. Wanda ya san direba ko yaron gareji, ya tura masa wannan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.