Kada mu ɗora wa haƙori laifin da ba nasa ba

Jawabin da ɓangaren masu rainon yara ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, a Roni

 

 

Masu saƙa sun yi nasu jawabin, masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun yi. Mu tamu sana'ar ba a kai ta kasuwa. Mu ne ake kawo wa yara da safe a ɗauke su da la'asar. Malamar firamare za ta tafi aji, ɗaliba za ta tafi kwalejin Hussaini Adamu a Kazaure, wata za ta gona, wata za ta awo, sai a miƙo mana goyo a ce, "Ga amana nan." To, a kan amanar nan za mu yi magana, kuma a kan kalma guda da kowaccenmu ta sha ji a bakin ƙofa. Uwa ta miƙo yaro jikinsa rau, ta ce, "Kada ki damu Yaya, haƙori ne."

Bari mu fara ba haƙori haƙƙinsa. Yawancin yara suna fara fitar da shi wajen wata 6, wasu su riga, wasu su kai shekara, kuma duk lafiya ne. Na gaba biyu na ƙasa su ne kan fara lekowa. Kafin yaro ya cika shekara 3 ya haɗa haƙoransa na nono guda 20. Idan haƙori zai fito za ki ga dasashi ya ɗan kumbura ya yi ja, yawu na ta dalala, duk abin da ya samu sai ya kai baki ya ciza, ga ƙananan rigima, barci ba daɗi. Jiki kan yi ɗumi kaɗan. Amma yana shan nono, idan kin yi masa wasa zai kula ki, kuma cikin 'yan kwanaki abin ya wuce. Iyakar aikin haƙori ke nan.

Zazzaɓi mai zafi, zawo kamar ruwa, amai, tari da haki, jijjiga, babu ɗaya a cikinsu da haƙori yake kawowa. Mun san wata a nan za ta ce, "Ni fa na haifi tara, kuma kowanne sai da ya yi zawo lokacin haƙori." Gaskiyarki Inna, kin gani da idonki. Sai dai ga yadda abin yake. Jariri yana zuwa duniya da garkuwar da ya samo daga jikin uwarsa, kuma wajen wata 6 ɗin nan ne take raguwa. A daidai lokacin ne kuma ake fara ba shi kunu da koko da ruwa. A lokacin ne yake fara zama, ya fara jan ciki da rarrafe a tsakar gida, ya ɗauki takalmi, ya ɗauki kashin kaji, komai baki. Ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa, haƙori kuma yana fitowa a watannin. Tafiya ce ta haɗa su, kamar baƙi biyu da suka sauko daga mota ɗaya, sai muka ɗauka ɗaya ne ya kawo ɗaya.

Abin da ya sa muka dage a kan wannan magana shi ne, da zarar an ce haƙori ne, hankalin kowa ya kwanta. Sai a ce a bari ya huda. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ba ya jira, yana iya tsananta a jikin ƙaramin yaro cikin kwana guda, ya shanye masa jini ko ya taɓa ƙwaƙwalwa. Zawo yana iya tsotse ruwan jikin jariri tsakanin safe da dare. Kwanakin da aka ɓata ana jiran haƙori, su ne kwanakin da magani mai sauƙi zai yi aiki.

Sai maganar maganin haƙori na kwalba. Manyanmu za su tuna ƙarshen shekarar 2008, lokacin da wani maganin ruwa mai suna My Pikin, wanda ake sayarwa don yara masu fitar da haƙori, ya gurɓata da wani sinadari irin wanda ake sa wa a man birkin mota. Yara suka daina fitsari, ƙodarsu ta tsaya. An kwantar da su a Legas da Ibadan, har da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, nan kusa da mu. Hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi, amma zuwa farkon 2009 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ce yara 84 sun rasu. A 2013 kotu a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai. Iyayen yaran nan ba su yi sakaci ba, kuɗi suka cire don ɗansu ya sami sauƙi. Abin takaicin shi ne, haƙori ba ya bukatar kwalba tun farko. Ki wanke hannu ki murza masa dasashi da yatsa a hankali, ko ki ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya ciza, ki riƙa goge masa yawu kada haɓa ta yi ƙuraje. Ya isa. Kafso ɗin nan ja da yalo da ake farkewa a zuba wa yaro a kunu, ku bar shi don Allah, yana ɓata launin haƙoran yara har girmansu. Zuma ma, duk albarkarta, likitoci sun ce a dakata da ba jariri har ya cika shekara.

To yaya mai raino za ta gane? Abu na farko, kowace mai raino ta mallaki ma'aunin zafin jiki. Bayan hannu yana yaudara, musamman da bazara. Idan ma'auni ya nuna 38 ko sama, zazzaɓi ne, a kai shi a huda masa yatsa a yi gwajin cizon sauro a ranar. Idan jaririn bai kai wata 3 ba, ko ɗan zazzaɓi ne, asibiti kai tsaye, don shi ma lokacin haƙorinsa bai yi ba balle a laƙa masa.

Na biyu, akwai alamomi huɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar da ma'aikatan asibiti, mu ma mu haddace su kamar sunayen 'ya'yanmu. Yaro ya kasa kama nono ko shan komai. Duk abin da ya shiga cikinsa ya amayar. Ya yi jijjiga, wato taune-taune. Ya yi laushi, barci ya yi masa nauyi, kina tashinsa ba ya tashi. Ɗaya kawai ya isa, ba sai sun taru ba. A nemo abin hawa.

Na uku, numfashi. Ki buɗe masa riga lokacin da yake kwance shiru, ki duba agogon wayarki ki ƙirga minti ɗaya cur. Daga wata 2 zuwa 11, idan ya kai 50, ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, idan ya kai 40. Idan kuma kin ga ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, wannan limoniya ce ake tsoro, da hunturu ta fi yawa.

Na huɗu, zawo. Ki dubi idanu ko sun faɗa, ki taɓa maɗiga ko ta lotsa, ki lura ko ya daɗe bai yi fitsari ba, ki ɗan tsunkuli fatar ciki ki ga ko tana komawa nan take. Kada ki jira alamun nan su bayyana kafin ki fara ba shi ruwan gishiri da sukari. Yawancin ƙullin ORS na lita ɗaya ne, wato ledar fiya wata biyu, amma ki karanta jikin ƙullin ko ki sa a karanta miki. Idan babu, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, cikin lita ɗaya na ruwa mai tsabta. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali, a ci gaba da nono, a haɗa da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Idan akwai jini a kashin, asibiti.

Jijjiga kuwa, mun san tana ɗaga hankali. Ki kwantar da shi a gefe ɗaya, ki sassauta masa kaya. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura masa komai, kada a kanga shi a hayaƙi. Addu'a muna yi, amma a kan hanyar asibiti za mu yi ta.

Yanzu ga inda takalmin yake matsa mu, kuma gara mu faɗa a gaban kowa. Mai raino tana jin nauyin mayar da yaro. Kuɗin ranar zai wuce ta, kuma tana tsoron a ce ta fiya tsirfa a kai yaron wani gida. Uwa kuma tana tsoron rasa aikin ranar, shi ya sa wani lokaci takan ba shi farasitamol da asuba jiki ya yi sanyi, ta kawo shi ba ta ce komai ba. Ba zargi muke yi ba, duk mun san halin da ake ciki. Amma a ɗakin akwai yaran mutane biyar ko shida. Zawon yaro ɗaya ranar Litinin, kafin Juma'a ya zaga ɗaki. Ƙyanda kuwa ta fi haka saurin yaɗuwa.

Don haka muka zauna muka tsayar da sharuɗɗa, muna roƙon taro ya amince su zama na duk gidan raino da ke ƙarƙashin ƙungiya. Ranar da aka fara kawo yaro, a karɓi lambar waya biyu, a ga katin rigakafinsa, kuma a nemi izinin maigida tun a ranar cewa idan ta ɓaci mai raino za ta iya wucewa da yaro asibiti ba sai an jira shi ba. Sau da yawa jiran izinin nan ne yake cinye yini guda. Mai zazzaɓi ya zauna gida har ya kwana ya yini ba zazzaɓi ba tare da magani ba. Mai zawo ko amai, kwana 2 bayan ya tsaya. Mai ƙyanda, aƙalla kwana 4 bayan fitowar ƙuraje, kuma sai ya warware. Idan ciwo ya taso a hannunmu, a ware masa tabarma da kofinsa, a kira uwa nan take. Ba ma ba ɗan kowa maganin da ba a rubuta masa ba, kuma duk abin da aka ba shi a rubuta lokacin, don kada uwa ta je gida ta ƙara masa. Farasitamol ba ya wuce sau 4 a kwana da yini. Wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki da kafin a ba da abinci, da buta ake zubawa, ba kowa ya tsoma a kwano ɗaya ba.

Katin rigakafi da muka ambata, a duba shi da gaske: na haihuwa, na sati 6, 10 da 14, na ƙyanda a wata 9 da kuma na biyu a wata 15. Tun 2022 aka shigar da ɗigon rigakafin rota cikin jerin, kuma shi kariya ne daga ɗaya daga cikin ƙwayoyin cutar da ke kawo wannan zawon da muke kira na haƙori. Da damina, idan masu rabon maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro sun zo gida-gida don yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, su suke ba da na ranar farko, na kwana biyun da suka rage a hannunmu yake. Uwa ta gaya wa mai raino, kada a tsallake.

Roƙonmu na ƙarshe ga Hajiya shugaba da ma'aji. Muna adashi don biki da kayan ɗaki, to a ware wani ɗan kaso a asusun ƙungiya don kuɗin mashin ko mota zuwa asibitin nan na kusa, ko babban asibitin Kazaure idan an tura. Mai raino ta karɓa a take, iyaye su mayar daga baya. Sannan a sayo ma'aunin zafi da ƙullin ORS a raba wa kowane gidan raino. Mun kuma roƙi malaman asibiti da ke tare da mu su tsaya bayan an ci abinci, su nuna mana yadda ake karanta ma'aunin da ƙirga numfashi, duk mai so ta tsaya ko da ba ta raino.

Iyayenmu kakanni, ku ne ake jin maganarku a gida. Idan kuka ce a tafi asibiti, babu mai musu. Don Allah ku taya mu.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya.