Kai Ɗan Ina Ne? Jawabi Kan Littattafan Da Yaranmu Ke Karantawa

 

An ce in yi magana kan littattafan labari, domin wasu iyaye sun kawo kuka, wai yara sun bar aikin gida sun rungumi littafin soyayya. To, ni ɗan kasuwa ne ba malami ba, amma bari in fara da na gida.

A 1933 wani matashi mai koyarwa a Makarantar Midil ta nan Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya shiga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya. Littafinsa, Shaihu Umar, ya fito a 1934. Kabarin marubucin na nan cikin gari, amma mu nawa muka karanta abin da ya bari?

Labarin ya fara ne a Rauta, inda aka tambayi malami asalinsa. Ashe a Kagara aka haife shi, uba ya rasu, uwa ta auri Makau, hassadar fadawa ta kori Makau daga gari. Aka sace yaro, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya kai shi ƙasar Masar ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi karatu. Uwar kuwa ta bazama nemansa har ta faɗa bauta. Da suka haɗu a Tarabulus, ba ta jima ba ta cika. Wallahi wurin nan sai mai taurin zuciya.

Jama'a, ai tambayar nan ta Rauta ita ake yi wa 'ya'yanmu. A nan a ce musu baƙi, in sun je Kano ko Katsina ganin kakanni a ce ga 'yan Bauchi. Shaihu Umar bai amsa da sunan gari ɗaya ba, hanyar duka ya zayyana, zango zango. Mu kuwa yaro bai san ko goro ne ko fatu suka kawo kakansa ba.

Na soyayyar ma ba duka ne shirme ba, ko da yake akwai shirmen. A Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, 1990, an cire Abu daga makaranta aka ba tsoho, ta gudu ta nemi ilimi. A In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, 1991, 'yar mai kuɗi ce ta so talaka, gida ya ƙi. Yarinyar da ke ɓoye irin wannan a ƙarƙashin matashi, wataƙila maganar da ta kasa faɗa wa babanta ce a ciki. Alhaji, kafin ka ƙwace, ka karanta.

Roƙona ga kwamiti, a sayi Shaihu Umar kwafi goma a ajiye a Islamiyyarmu, kuma kowane taro dattijo ɗaya ya ba yara labarin yadda gidansu ya zo Bauchi.