Tsohon soja ya tafi, gawo na nan tsaye

Jawabin da aka yi a Maraɗi ranar sadakar arba'in ta wani tsohon soja

Malam liman, dattawan unguwa, iyayenmu tsoffin sojoji, kawunnaina, da ke Inna da sauran iyayenmu mata da ke saurare daga cikin gida, Allah ya saka muku da alheri da wannan zuwa. An ce jika ya yi magana, to ku gafarce ni in na yi tuntuɓe a gaban manya.

Marigayi ya haura shekara 90 a duniya. Yana saurayi aka ɗauke shi soja a zamanin mulkin mallaka, aka kai shi yaƙin Aljeriya, wanda aka gwabza daga 1954 zuwa 1962. Ba ya son ba da labarin yaƙin. Abin da na taɓa ji daga bakinsa shi ne sanyin duwatsu, da wani abokinsa Bazabarme da bai dawo ba. Ya komo gida da lambar girma guda, da karnen fansho da yake ajiyewa cikin leda a ƙasan akwati.

Wannan karne yana da tarihi, kuma ya kamata ƴan lakwal irina su san shi. A watan Disamba na 1959 Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon sojojinta na ƙasashen da suka sami ƴancin kai. Na Bafaranshe yana hawa shekara bayan shekara, na Ba'afirken da suka kwanta rami ɗaya da shi yana nan inda aka bar shi. Sai ran 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun Faransa mai duba ayyukan gwamnati ta ce wannan wariya ce, a shari'ar Amadu Diop, tsohon sojan Senegal, wanda ya rasu bai ga hukuncin ba. An gyara wani sashe a 2007, kotun tsarin mulki ta sake magana a 2010, cikakken gyara bai zo ba sai 2011. Shekara 50 ke nan ana jira. Da yawa daga cikin abokan tafiyarsa an rufe su kafin ranar.

Amma wanda ya nemi marigayi a bakin ofis yana kuka, bai san shi ba. Shi mutumin daji ne. Inna ta sha cewa kishiyarta ba mace ba ce, gona ce. Da an sallame asuba zai rataya gora, ya ɗauki gatari, ya nufi gonarsa ta hanyar Madarunfa, ba a ganinsa sai rana ta yi sanyi. Ya san kukan kowane tsuntsu, ya san sawun zomo da na dila. Ƴaƴansa duka, maza da mata, a gindin itace ya koya musu haƙuri, ni ma can na koyi bambanta sabara da kalgo kafin in iya rubuta sunana.

Dattawa na tune da yadda karkarar nan ta koma bayan farin 1973 da yunwar 1984, wadda ake kira El-Buhari. An share gonaki ƙaf, iska tana kwashe ƙasa, tana binne shuka, mutum ya shuka hatsi sau biyu ko uku a damina ɗaya. A lokacin ne aka fara yaɗa sassaben zamani a jahar Maraɗi: kada a tumɓuke kututture, a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a datse saura, a bar su su girma. Mutane sun yi wa masu yin haka dariya, suna cewa gonar raggo ce. Marigayi bai kula ba. Ya ce sarakunan Damagaram na da ba mahaukata ba ne da suka hana saran gawo da horo mai tsanani. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa hatsi rana, ganyen ya zama taki, da rani kuma ƴaƴansa su ciyar da bisashe. Yau masu bincike sun ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 ta wannan hanya. Hukuma na dasa itace kowace ran 3 ga Agusta tun 1975, amma mafi yawan wannan aiki hannun talakawa irinsa ne ya yi shi.

Kawunnaina, ga abin da ya sa na karɓi magana. Gari ya kusa cimma gonar nan, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa dillalai sun fara sallama tun ba a share makoki ba. Gado haƙƙinku ne, shari'a ta ba ku, jika ba ya da bakin hanawa. Roƙo nake yi. Kuɗin fili ba ya ganin damina biyu, gawon da ke can kuwa ya yi shekara 40 yana ciyar da gidan nan, har a shekarun da karne bai isa sayen buhun hatsi ba. In an raba, a raba da itatuwan a tsaye.

Roƙo na biyu gare ku ne, ma'aikata da ƴan kasuwa. A unguwanninmu akwai matan tsoffin sojoji da ba su iya karanta takardun da mazansu suka bari ba. Wanda ya yi lakwal ya zauna da su, ya duba musu, ya raka su inda ya dace. Ni na ɗauki na Inna, zan fara gobe in Allah ya kai mu.

Allah ya jiƙansa, ya sa inuwar da ya bar wa mutane da dabbobi ta zame masa sadaka mai gudana. Inna, Allah ya ba ki haƙuri. Malam, a yi mana Fatiha.